Me ya sa namu ya fi nasu tsada? Muhawara kan kuɗin manhajar laburare

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Taimako nake nema. Kwangilarmu da kamfanin da ke ba mu manhajar gudanar da laburare za ta ƙare ƙarshen shekara. A zaman kwamitin kasafin kuɗi na makon jiya wani mamba ya ajiye min takarda a gaba, ya ce ga wani laburare da girmansa ya yi kusa da namu, amma ko rabin abin da muke biya ba ya biya. Ya ce in ba su dalili. Wallahi na rasa ta cewa. Shi ne nake roƙon duk wanda zai iya ya gaya min wace manhaja suke amfani da ita, nawa suke biya a shekara, littattafai nawa gare su, masu karatu nawa. In haɗa jadawali in kai musu.

Malam Kabiru: Wa alaikumus salam Hajiya. A jadawalin naki ki rubuta mana sifili. Koha, buɗaɗɗiyar manhajar laburare da kowa zai iya ɗauka ya gyara kyauta, muke amfani da ita shekara 7 ke nan, ba mu taɓa biyan kowa kuɗin lasisi ba. Ita kalmar ma a harshen Mawori na Niyu Zilan ma'anarta kyauta. Wani ƙaramin laburare ne na yankin Horowhenua ya sa aka rubuta masa ita a 1999 saboda tsohuwar manhajarsu ba za ta tsallake matsalar kwanan wata ta kwamfutoci ta shekarar 2000 ba, kamfanin Katipo ya yi aikin, suka fara amfani da ita a Janairun 2000, sannan suka sake ta ga duniya. Ni har yanzu ban gane me ya sa mutane ke kai kuɗinsu ga kamfanoni ba.

Malama Hadiza: Malam Kabiru, wa ke kula muku da sabar, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai?

Malam Kabiru: Muna da ma'aikaci ɗaya, shi ke yi.

Malama Hadiza: Albashi ake biyansa ko don Allah yake yi?

Auwal: Malama ta zo da zafinta 😂

Malama Hadiza: Ba zafi ba ne Auwal, aikina ke nan, ni a ɓangaren saye-saye nake. Wanda aka ba doki kyauta, harawa a wuyansa take. In mutumin nan rabin lokacinsa a kan Koha yake ƙarewa, to rabin albashinsa kuɗin manhaja ne, sai dai a wani layin kasafin aka rubuta shi. Sabar ma wani ya saye ta, wani ke biyan wutarta, wani zai canza ta in ta tsufa. Hajiya, abin da zai fara lalata miki jadawali ke nan. Kowa zai ba ki lambar da ke kan takardar da shi ya sa wa hannu, abin da wani sashen ke biya a madadinsa kuwa bai ma san da shi ba.

Malam Kabiru: Na yarda akwai albashi. Amma ko an haɗa da shi ba mu kai su Hajiya ba. Kuma mutumin namu ne, yana yin wasu ayyukan.

Malama Hadiza: Mai yiwuwa ne ba ku kai su ba. Sifilin kawai na ƙi.

Baba Isa: Rabi, bari in sa baki. Na ga canjin manhaja sau 3 kafin in ajiye aiki, kuma kowane karo an yi irin jadawalin da kike son yi. Kalmar "girmansa ya yi kusa da namu" ita ce tarkon. Girma a wane ma'auni? Kamfanonin nan ba da ma'auni ɗaya suke yanka farashi ba. Wani yawan ɗalibai yake dubawa, kuma ba kawunan da ke rajista ba, lissafin cikakken lokaci ne, inda ɗaliban wucin gadi biyu ko uku ke zama mutum ɗaya. Wani yawan rubutattun bayanan littattafai da ke cikin kataloji yake ƙirgawa. Wani yawan aron da aka yi a shekara. Wani yawan ma'aikatan da ke da izinin shiga, wani yawan rassa. Za ki ga laburare biyu, gini iri ɗaya, kantoci iri ɗaya, amma ɗaya ya zuba bayanan littattafan intanet dubu ɗaruruwa a katalojinsa, sai ya tsallaka zuwa wani matakin farashi bai sani ba. Ki fara tambayar kamfaninku da wane ma'auni suka yanka muku. Da yawa daga cikin shugabannin laburare ba su san amsar wannan ba, ni ma sai a karo na biyu na sani.

Hajiya Rabi: Baba, gaskiya ni ma ban sani ba. Na gaji kwangilar ne.

Baba Isa: To ki nemo ta ki karanta, har shafukan baya da ba wanda ke dubawa.

Injiniya Bashir: Ƙari a kan maganar Baba. Abin da muke kira "manhaja" ba abu ɗaya ba ne. Akwai ɓangaren kataloji, akwai na aro da mayarwa, akwai na sayen littattafai, akwai na mujallu masu zuwa lokaci-lokaci, akwai na kula da rajistar mujallun intanet, sannan akwai shafin binciken da mai karatu ke gani. Wasu kamfanonin a dunƙule suke sayarwa, wasu kowanne da kuɗinsa. Shafin binciken nan shi kaɗai, in irin wanda ke haɗo maƙalun mujallu ne, yana iya zama kwangila mai zaman kanta. Sai ƙananan abubuwa. In kuna da injin da mai karatu ke aro da kansa, da wata ƙa'idar sadarwa mai suna SIP2 yake magana da manhajar, kuma akwai masu cajin lasisin wannan haɗin a kan kowane inji. Sabar gwaji, inda za ku gwada sabon abu kafin ku sa a ta aiki, wasu sai an biya. Saƙon tes na tunatarwa, sai an biya. Don haka in wani ya ce miki "muna biyan kaza", ki ce masa kaza na me da me.

Zainab: Anti Rabi, ni ƙaramar ma'aikaciya ce a kataloji, ban san farashi ba, amma na san abin da ba ya shiga farashi. Bara muka yi ƙaura daga wata manhaja zuwa Koha ta hannun wani kamfani mai ba da tallafi. A takarda an rubuta kwashe bayanai, kuɗi kaza, mako kaza. Da aka zuba bayanan a sabar gwaji na buɗe, sai na ga duk inda akwai ƙ ko ɗ ko ɓ a sunan littafi alamar tambaya ce ta fito, sunayen Larabci kuwa sun zama wasu irin zane-zane. Ashe rabin tsofaffin bayananmu a tsarin haruffa na MARC-8 suke, rabi a UTF-8, an cakuɗa su shekaru ba wanda ya lura saboda tsohuwar manhajar tana rufa asiri. Sannan ita Koha a gurbi mai lamba 952 na bayanin littafi take ajiye bayanin kowane kwafi, lambar bakod da reshe da kanta da nau'in littafi. Da muka zo daidaitawa sai muka tarar kantar littattafan da ba a fita da su kaɗai an rubuta sunanta ta hanya 6 daban-daban, kowane ma'aikaci da ya wuce da irin tasa. Mu uku muka zauna wata 2 muna gyara, sababbin littattafai na jibge a kwali ba wanda ya taɓa. Wannan wata 2 ɗin ba ya cikin kowace takardar biya.

Baba Isa: Allah ya yi miki albarka Zainab. Wannan shi ne maganar.

Malam Kabiru: Amma wannan ba laifin Koha ba ne, bayananku ne da datti.

Zainab: Haka ne Malam, ban ce laifinta ba ne. Duk inda muka koma sai mun wanke su. Na faɗa ne don in kwamitin su Anti suna tunanin su koma inda ya fi araha, su san ƙaurar kanta da kuɗinta.

Malama Hadiza: Ga wani abin da nake so ku gani da lissafi, lambobin misali ne kawai. Kamfani na farko ya ce 100 a shekara, da ƙarin kashi 5 cikin 100 kowace shekara. Na biyu ya ce 110, da ƙarin kashi 2. A ranar buɗe tayi kowa zai ce na farko ya fi sauƙi. A shekara ta 5 na farkon ya riga ya wuce na biyu, kusan 122 da 119. A shekara ta 10 yana karɓar 155, ɗayan 131. In kika tara shekara 10 ɗin, na farko ya karɓi kimanin 1,258, na biyu 1,204. Kuma laburare ba ya canza manhaja kamar riga, shekara 10 ba komai ba ce a wannan harkar. To shi wancan laburaren da aka kawo miki misalinsa, a shekara ta nawa yake a kwangilarsa? In sabon shiga ne, farashin zawarci yake biya. Ke kuma mai yiwuwa ƙarin shekara goma sha wani abu ne ya taru a kanki.

Auwal: Farashin zawarci 😂 Malama wannan zan riƙe.

Hajiya Rabi: Shekararmu 12 da su. Ashe.

Malam Nura: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Hajiya ki yi haƙuri, ni ba zan iya faɗa miki abin da muke biya ba. A kwangilarmu akwai sharaɗin cewa ba za mu bayyana farashi ga kowa ba. Kuma na tabbata ba ni kaɗai ba ne a nan, shi ya sa kika ga an yi ta bayani ba wanda ya ba ki lamba. Ni a ganina wannan ne babban ciwon. Mai sayarwa ya san abin da kowa ke biya, mu masu saye kowa na cikin duhu shi kaɗai.

Malama Hadiza: Gaskiya ne, amma ba ko'ina sharaɗin ke da ƙarfi ba. Inda laburaren na gwamnati ne kuma ƙasar na da dokar 'yancin samun bayanai, sau da yawa ana iya neman kwangilar a gani. Kuma ana iya ƙin sharaɗin tun wajen ciniki. Mu mun taɓa cewa a cire shi, suka ɗan yi jan ƙafa, suka cire.

Malam Nura: Ku manya ne shi ya sa. Mu in mun ce a cire sai su ce to rangwamen ma a cire.

Injiniya Bashir: Akwai inda za a samu wani abu a fili. Marshall Breeding, masanin fasahar laburare, yana da shafin Library Technology Guides, inda za ka ga wane laburare ke amfani da wace manhaja da wadda ya baro, kuma duk shekara yana fitar da rahoton kasuwar a mujallar American Libraries. Ba zai ba ki farashin kowa ba Hajiya, amma zai nuna miki su wa ya kamata ki kira. Kuma in kin bi rahotannin za ki ga dalilin da ya sa ciniki ke ƙara wuya. Kamfanonin Sirsi da Dynix sun haɗe a 2005. ProQuest ta sayi Ex Libris a 2015, ta haɗa da Innovative a 2020, sai Clarivate ta sayi ProQuest ɗin gaba ɗaya a 2021 a kan dala biliyan 5.3. Sunayen manhajojin na nan da yawa, masu su ne suka ragu. In ka ce za ka tashi daga wannan ka koma wancan, wani lokaci gida ɗaya ka sake shiga ta wata ƙofar.

Malam Kabiru: Yawwa! Abin da nake faɗa ke nan. Shi ya sa manya ma ke guduwa zuwa buɗaɗɗiyar manhaja. Laburaren majalisar dokokin Amurka da kansa ya zaɓi irinta mai suna FOLIO a 2022.

Injiniya Bashir: Ya zaɓa, amma ka ƙarasa labarin Malam. Kwangila suka ba kamfanin EBSCO, zangon farko dala miliyan 7.77, kuma tana iya kaiwa miliyan 25. Buɗaɗɗiya ce, lasisi babu, ga kuma abin da aka ware don ta yi musu aikin da suke so. Ni ba na adawa da buɗaɗɗiyar manhaja, da ita nake cin abinci. Amfaninta a wajena shi ne in mai ba ka tallafi ya gaza, za ka sallame shi ka ɗauki wani ba tare da ka canza manhajar ba. Koha tana da kamfanonin tallafi da dama, irin su ByWater a Amurka da BibLibre a Faransa da Catalyst a Niyu Zilan. Wannan 'yancin yana da daraja. Arahar kuwa wani lokaci akwai, wani lokaci babu.

Malama Saude: Malam Kabiru, tambaya ɗaya tsakani da Allah. Wace siga kuke kai yanzu?

Malam Kabiru: Sai na tambayi mutumin namu. Ina jin mun ɗan kwana biyu ba mu sabunta ba.

Malama Saude: Na tambaya ne don mu jiki magayi. Mu ma da sifili muke alfahari. Yaro ɗaya ne ya ɗora mana komai, haziƙi, shi kaɗai ya san kalmar sirrin sabar. Ya samu aiki mafi tsoka ya tafi, ba mu ga laifinsa ba. Koha sau biyu take fitar da sabuwar siga a shekara, Mayu da Nuwamba, mu kuwa muka shekara 4 a kan guda. Wata safiya faifan sabar ya mutu. Muka je neman kwafin ko-ta-kwana, sai muka tarar yana ta ajiye kansa kowane dare kamar yadda aka tsara, amma a kan faifan da ya mutu ɗin. Na ƙarshen da ke waje ya kai wata 9. Duk aron da aka yi, duk sabon mai karatu da aka yi wa rajista, duk littafin da aka shigar a wata 9 ɗin nan sun tafi. Muka koma rubuta aro a littafin rajista da biro. Yanzu muna biyan kamfani yana riƙe mana a sabarsa, kuma duk wata 3 nakan sa a sauko da kwafi a gwada buɗe shi a gabana.

Malam Kabiru: Innalillahi. Gobe da safe zan zauna da mutumin namu.

Baba Isa: Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma kada a ɗauka ƙanana kaɗai abin ke ci. Babban laburaren Birtaniya masu kutse suka shiga masa a Oktoban 2023, katalojinsa bai dawo intanet ba sai Janairun 2024, shi ma don bincike kawai. A rahoton da suka fitar da kansu sun ambaci tsofaffin na'urori da manhajojin da suka gagara farfaɗowa. Tsaro ma layi ne a jadawali, Rabi. Wanda ya cire shi zai fito da lamba mai kyau a gaban kwamiti.

Auwal: To ni ɗalibi ne, ku gafarce ni. Me zai hana a raba kuɗin da yawan aron da aka yi a shekara, a ga nawa kowane aro ya ci? Ai sai a kwatanta kowa da kowa.

Malama Hadiza: Ana yin haka Auwal, kuma yana da amfani tsakanin laburaren jama'a biyu. Amma laburaren jami'a aron littafin takarda kaɗan ne daga aikinsa, yawancin abin da ake karantawa ta intanet ne. Laburaren bincike kuwa yana iya riƙe rubuce-rubucen hannu da ba a aronsu sam. In ka auna su da aro za su fito kamar masu almubazzaranci. Ni na fi son a kawo ma'auni biyu ko uku tare, a kan kowane aro, a kan kowane mai karatu, da kuma kaso nawa ne na dukkan kasafin laburaren.

Injiniya Bashir: Wani abu da ba a taɓo ba, haɗaka. A jihar Jojiya ta Amurka laburaren jama'a sama da 200 ne suka hau manhaja ɗaya a ƙarƙashin haɗakar PINES, suka rubuta manhajar Evergreen da kansu, ta fara aiki a 2006. Sabar ɗaya, ma'aikatan fasaha ɗaya, katin karatu ɗaya. In laburare yana cikin irin wannan, abin da zai ce miki yana biya kasonsa ne kawai, wani lokaci ma gwamnati ta ɗauke mafi yawa.

Malam Nura: Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma haɗaka ma da nata. Kwana nawa za a ba da aro, nawa ne tara, yadda za a rubuta kataloji, duk sai an zauna taro. Mun taɓa neman ƙara nau'in littafi guda ɗaya, sai da aka yi zama uku.

Baba Isa: Na ƙarshe daga gare ni, in je in kwanta. Ku duba kuɗin fita. Bayanan littattafai suna fita salin-alin saboda MARC, tsarin bai-ɗaya na rubuta kataloji a kwamfuta, Allah ya saka wa Henriette Avram da ta tsara shi tun shekarun 1960. Amma bayanan masu karatu, tarihin aro, tarar da ake bin mutane, odar littattafai, jadawalin zuwan mujallu, waɗannan kowane kamfani da yadda yake ajiye su. A canjinmu na biyu kamfanin da muke bari ya ce sai mun biya kafin ya fitar mana da su, muka duba kwangila, ashe mun sa hannu a kan haka. Ga kuma wata 4 da muka biya tsoho da sabo a tare saboda ranar komawa ta goce.

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana 3. Na kira shugabar wancan laburaren, mace mai kirki, mun fi awa muna magana. Suna cikin haɗaka ta laburare 9, lambar da aka kawo min kasonsu ce. Shafin bincikensu kwangila ce daban, daga kuɗin mujallu ake biya. Kuma shekararsu ta 2 ke nan. Da na haɗa komai tazarar ta ragu sosai, amma in faɗi gaskiya har yanzu mun fi su biya, don haka ɗan kwamitin nan ba ƙarya ya yi ba. Sannan na nemo kwangilarmu kamar yadda Baba ya ce. Da yawan rassa aka yanka mana, rassa 4. Ɗaya an rufe shi shekara 5 da suka wuce, muna ta biya masa. Ga ɓangaren mujallu da ba mu buɗe ba tun da muka daina karɓar na takarda.

Malama Hadiza: Waɗannan biyun su za ki fara ajiyewa a teburin ciniki. Hajiya ki duba min abu ɗaya yanzu-yanzu. Akwai inda aka ce kwangilar na sabunta kanta in ba ku rubuto ba? Wata nawa kafin ƙarewa?

Hajiya Rabi: Bari in duba.

Hajiya Rabi: Shafi na 14. Wata 6 kafin ƙarewa, a rubuce, in ba haka ba ta zarce shekara 3. Saura kwana 19.

Malama Hadiza: Ki rubuta yau. Rubutawar ba ta hana ku zama da su in ciniki ya faɗa. Kuma ki nemi su amsa miki a rubuce cewa ta iso.

Hajiya Rabi: Na buɗe kwamfuta. Malama, zan turo miki ta gefe ki duba min kafin in sa hannu.